Horar da ma'aikata kan kula da masu miki a zuciya: wace hanya ta dace da ku?

Akwai wata safiya da ba na mantawa da ita, a wani ofishin rajista da na taɓa aiki a Maiduguri. Wata mata ta zo da goyo ta zauna a bencin da ke gaban tebur, abokin aikina ya buɗe fom ya fara tambaya: suna, garinsu, yara nawa. Da ya iso gurbin da ake rubuta dalilin baro gida sai ya ce, "Mama, ina maigidan?" Ta ce Allah ya yi masa rasuwa. Ya ce, "Ta yaya ya rasu?" Ta yi shiru, ta gyara zanen goyonta. Mutum wajen goma na tsaye a bayanta, kowa na ji. Ya sake tambaya, don gurbin na jiran amsa. Ta miƙe ta fita. Ba ta karɓi katin ba, ba ta kuma dawo ba. Daga baya maƙwabciyarta ta gaya mana cewa mu ne ofis na huɗu da ya yi mata wannan tambaya a cikin wata guda. Abokin aikin nan mutumin kirki ne, kuma a lokacin yana da takardar shaidar bita har biyu a kan lafiyar ƙwaƙwalwa.

Shi ya sa idan shugaban ƙungiya, ko shugabar makaranta, ko mai riƙe da ƙaramin asibiti ya tambaye ni wane horo zai nema wa ma'aikatansa, ba na saurin kama suna. Hanyoyin suna da yawa, sunayensu na kama da juna, kowane mai horarwa kuma nasa yake yabo. Alhali ba aiki ɗaya suke yi ba. Wani horon na koya wa mutum yadda zai tari wanda ke cikin firgici. Wani na koya masa yadda zai zauna da shi mako biyar. Wani na masu rubuta magani ne. Wani kuma fom ɗin nan da bencin nan yake gyarawa.

Bukatar ba ƙarama ba ce. Tun 2009 Borno da Yobe da Adamawa ke cikin abin da suke ciki, ga Zamfara da Katsina da Sakkwato, ga waɗanda suka tsallaka zuwa Diffa da Maraɗi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙiyasin cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar a wuraren da yaƙi ya taɓa yana fama da wata larurar ƙwaƙwalwa, kamar ciwon damuwa, ko fargaba mai tsanani, ko dimuwar da ke biyo bayan mummunan abu. A karanta wannan adadi ta ɗaya fuskar ma: huɗu cikin biyar ba marasa lafiya ba ne. Sun ga bala'i, suna baƙin ciki, amma da aminci da abinci da dangi da addu'a yawancinsu za su miƙe. Abin da suke bukata daga ofishinku shi ne kada a fama musu mikin.

Abin da za a auna da shi

Kafin komai, akwai tambayar da idan ba ku da amsarta to horon ya jira: in aka samu wanda abin ya fi ƙarfinku, ina za ku kai shi? Mai maganar kashe kansa, mai jin muryoyi, yarinyar da aka yi wa fyaɗe jiya. A Maiduguri akwai Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya, akwai irinsa a Kaduna da Kware ta jihar Sakkwato, a Kano akwai na Dawanau. Ku san sunan wanda zai ɗauki waya, ku san kuɗin mota, ku san wa zai raka. Ma'aikacin da aka koya wa gano matsala aka bar shi ba wurin turawa, an ɗora masa kayan da zai kwana da su.

Bayan wannan, abu huɗu nake dubawa.

Kuɗi. Kusan duk littattafan horon da zan ambata kyauta ne a intanet, don haka farashin ba a takarda yake ba. Yana cikin ladan mai horarwa, zaure, abinci, kuɗin mota, fassara, da kwanakin da ma'aikata za su bar aikinsu. Na fi son a ƙirga da kwanakin aiki, don naira na sauyawa, kwana kuwa ba ya sauyawa.

Ɗorewa. Me zai rage bayan wata shida? Me zai rage idan kwangilar rabin ma'aikatan ta ƙare suka koma wata ƙungiya, kamar yadda aka saba?

Sauƙi. Wa zai iya koya? Sai mai turanci da takardar jami'a, ko har direba da mai gadi da mai shara? Da wane harshe? A sansanonin Borno mutane da yawa Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Marghi ko Fulatanci ko harsunan tsaunin Gwoza suke yi a gida, Hausa ta ciniki ce. Mutum na iya sayen gero da harshe na biyu, amma da wuya ya faɗi abin da ke hana shi barci da shi.

Haɗari. Ta ina wannan horo zai iya cutar da wanda aka zo taimako, ko ma'aikacin kansa?

Hanya ta ɗaya: taimakon farko na zuciya, PFA

Wannan shi ne mafi shahara. Hukumar Lafiya ta Duniya tare da War Trauma Foundation da World Vision suka fitar da littafin jagoransa a 2011, kuma ana iya koyar da shi a rabin yini ko yini guda. Ginshiƙansa uku ne: duba, saurara, haɗa. Ka duba ko wurin da aminci, wa ke bukatar agajin gaggawa, wa ya fi ruɗewa. Ka saurara ba tare da tilasta wa mutum ba da labari ba. Ka haɗa shi da abin da yake bukata: ruwa, 'yan uwansa, sahihin bayani, asibiti. Ƙungiyar Save the Children tana da nata na masu aiki da yara, wanda ta ware masa yini guda a kan gajiyar ma'aikata kansu.

Ta fuskar kuɗi babu mai arharsa. Ƙungiya mai ma'aikata 30 za ta kashe kwanakin aiki 30 ne kawai, a cikin zaurenta ma in ta ga dama. Ta fuskar sauƙi ma haka: ba ya bukatar karatu mai zurfi, yawancinsa gwaji ne, wannan ya zama mai kuka wancan ya zama mai tarba. Kuma a nan ne nake roƙon shugabanni kada su ware kowa. Mutumin da ya gudo daga hannun 'yan bindiga, fuskar da zai fara gani a ofishinku ta mai gadi ce. In ya tarar da ƙato da takalmin soja da sanda yana daka tsawa a gyara layi, duk taushin muryar da ke ciki ta zo a makare. Na ga abin da yini ɗaya ya yi wa wani dattijon mai gadi: ya daina riƙe sandar a hannu, ya riƙa ajiye kujera a inuwa, in ya ga mace ta rikice ya ce, "'Yata, zauna ki sha ruwa, ba wanda zai ƙwace miki layi." Ba a rubuta wannan a rahoton kowa ba, amma matan sun lura.

Wurin da ya fi ba da wuya a wannan horo a ƙasarmu shi ne maganar haƙuri. Mu mutane ne masu ta'aziyya da "sai haƙuri" da "haka Allah ya ƙaddara", kuma kalmomin nan suna da nauyi, sun riƙe mutane da yawa a ranar da babu abin riƙewa. Amma akwai bambanci tsakanin faɗinsu bayan ka saurara, da jefa su tun mutum bai rufe baki ba don kai ka huta da jin abin. "Ki gode Allah da kika tsira" ga uwar da ta baro gawar ɗanta a daji, a ranar farko, rufe mata baki ne. Mai horarwar da ya san wannan, ya kuma iya tattauna shi da liman ko fasto a zaure ba tare da ya raina imanin kowa ba, ya fi wanda ya zo da hotunan majigi ɗari.

Rauninsa ɗorewa. A Saliyo, bayan annobar Ebola, an gwada horon yini ɗaya a kan ma'aikatan lafiya a matakin farko, sakamakon da aka buga a 2020 ya nuna ilimin ya zauna musu har bayan wata shida. Wannan labari ne mai daɗi. Sai dai wani nazarin da aka buga a 2019 a kan Laberiya da Saliyo ya nuna yadda horon ke tsinkewa idan aka yi ta miƙa shi hannu zuwa hannu: a horar da mutum a gurguje, gobe a ce shi ma ya je ya horar da wasu, alhali ba a koya masa koyarwa ba. Kamar shayi ne da ake ta ƙara wa ruwa. Maganin abin shi ne maimaici: awa biyu duk bayan wata uku, da sa shi cikin abin da kowane sabon ma'aikaci zai fara da shi.

Haɗarinsa kuwa shi ne mutum ya fito daga bitar yini ɗaya yana kiran kansa mai ba da shawarar ƙwaƙwalwa. PFA ba magani ba ne, tarba ce.

Hanya ta biyu: zama biyar da mutum, PM+

Idan masu zuwa wurinku sun wuce matakin firgicin farko, watanni sun shuɗe amma har yanzu ba barci, ba cin abinci, mace ta daina fita ko bikin maƙwabta, tarba kaɗai ba ta isa ba. Don irin wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da PM+ a 2016. Zama biyar ne, sau ɗaya a mako, kowanne minti 90, kuma wanda ba likita ba ne ke jagoranta. Ana koya wa mutum abu huɗu: sassauta numfashi don kwantar da jiki, warware matsala ɗaya bayan ɗaya, komawa ƙananan ayyukan da ya bari, da sake ƙulla zumuncin da zai jingina da shi. Abin da na fi so a tsarin shi ne ba a bukatar mutum ya tono labarin abin da ya same shi kafin ya amfana.

A cikin hanyoyin nan huɗu, wannan na daga cikin masu ƙwaƙƙwarar hujja. An gwada shi a Peshawar ta Pakistan a kan mutum 346, aka buga sakamakon a 2016, sannan a Nairobi a kan mata 421 da aka ci zarafinsu, aka buga a 2017. A duka biyun waɗanda suka yi zaman sun fi samun sauƙi idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba.

Amma yana da tsada ta inda ba a zato. Horon aji kwana goma ne, sa'o'i 80, sannan gwaji da mutane na gaske a ƙarƙashin kulawa, sannan zama da mai duba aiki a kai a kai muddin ana yin aikin. Ma'aikata shida kawai sun ci kwanakin aiki 60 tun ba su ga mutum ɗaya ba. Kuma kowane mutum guda zai ci wa ma'aikaci sa'o'i bakwai da rabi, ban da rubutu da bibiya. A nan ƙungiyoyi ke tuntuɓe: su biya kuɗin kwana goman, su manta da albashin mai duba aiki. Bayan wata uku sai ka tarar zaman ya koma hira da nasiha. In kasafinku ba zai ɗauki mai dubawa na aƙalla shekara guda ba, shawarata ku bar PM+ tukuna.

Ba a yin sa da mai tabin hankali ko wanda ke shirin hallaka kansa. Waɗannan turawa ake yi nan take. Akwai kuma matsalar ɗaki. Minti 90 na sirri a tantin da ake jin tarin maƙwabci ba ƙaramin aiki ba ne, kuma matar da aka ga tana shiga "ɗakin masu damuwa" duk Talata, unguwa za ta sa mata suna.

Ga masu jama'a da yawa da ma'aikata kaɗan akwai ɗan'uwansa, SH+, wanda ya fito a 2021: zama biyar na kimanin awa biyu, mutum har 30 a lokaci guda, ana sauraron murya da aka naɗa, mai jagora na tafiyar da zaman. An gwada shi a arewacin Uganda a kan mata 694 'yan gudun hijirar Sudan ta Kudu. Horonsa ya fi sauƙi, sai dai komai ya rataya ne a kan samun muryar da aka naɗa da harshen mutanenku, da kyakkyawar fassara.

Hanya ta uku: mhGAP, ta masu farin kaya

Wannan zan taƙaita, don ba ta kowa ba ce. Shiri ne da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar a 2008, jagoransa ya fito a 2010 aka sabunta a 2016, akwai kuma na wuraren agaji da aka yi tare da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 2015. Ana koya wa likitoci da nas-nas da jami'an lafiya na matakin farko yadda za su gane su kuma kula da ciwon damuwa, tabin hankali, farfaɗiya, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai. A Najeriya Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci daidaita shi da gwada shi a jihar Osun. Horon kan ɗauki kusan mako guda, da ziyarar ƙwararre daga baya.

In kuna da asibiti, kuna bukatarsa. Ko ba komai zai hana al'adar nan ta miƙa wa duk wanda ya ce ba ya barci ƙwayar diazepam. Tun 2013 hukumar ta ce kada a ba da irin waɗannan ƙwayoyi don firgici ko rashin barci a watan farko bayan mummunan abu. Ɗorewarsa ta dogara da abu biyu: kada a yi wa wanda aka horar canjin wurin aiki, kuma kada magani ya yanke. Mai farfaɗiyar da aka ɗora a kan magani wata biyu sannan kantin ya bushe, an jefa shi cikin haɗari. In ba ku da ma'aikacin lafiya, wannan ba naku ba ne, ku dai san asibitin da ke da shi.

Hanya ta huɗu: gyaran gidan gaba ɗaya

Mu koma ga matar nan mai goyo. Ko da abokin aikina ya yi PFA da PM+ duka, gurbin nan na cikin fom, bencin na gaban jama'a, shugabansa kuma na jiran adadin rajista da yamma. Laifin na tsarin ne. Hanya ta huɗu tsarin take kamawa.

Tunanin ya fi bunƙasa a Amurka. A 1998 aka buga wani babban bincike na Vincent Felitti da Robert Anda, wanda a jimlace ya shafi mutum sama da 17,000, ya nuna yadda wahalar ƙuruciya ke bin mutum har cikin cututtukan girma. Likita Sandra Bloom ta gina tsarin da ake kira Sanctuary daga aikinta a wani sashen masu tabin hankali a yankin Filadelfiya. A 2014 hukumar Amurka mai kula da shaye-shaye da lafiyar ƙwaƙwalwa, SAMHSA, ta tattara abin cikin matakai huɗu: ma'aikata su san yawan mikin da yadda yake aiki, su iya gane alamunsa a jikin masu zuwa da jikin junansu, a gyara dokoki da tsarin aiki bisa wannan sani, a kuma guji fami. Ta haɗa da ƙa'idoji shida: aminci, riƙon amana da fayyace komai, taimakon juna tsakanin waɗanda suka sha irin wahala ɗaya, aiki tare, bai wa mutum murya da zaɓi, da la'akari da al'ada da tarihi da jinsi. Sikotland ta ɗauki abin a matakin ƙasa, a 2017 ta raba ma'aikata hawa huɗu, daga wanda sani kawai yake bukata har zuwa ƙwararre, don kada a ba kowa horo iri ɗaya.

A aikace me wannan ke nufi? Ku ɗauki fom ɗinku ku bi shi layi-layi kuna tambaya: wannan amsar, me za mu yi da ita? In babu, a goge. Ku zauna a bencin jira na awa guda ku ji abin da ake ji. Ƙofar ƙarfen da ke bugawa kamar harbi, a sa mata roba. Kujerar mai zuwa ta kasance inda yake ganin ƙofa. Mace ta samu zaɓin yin magana da mace. A gaya wa mutum tun farko, "Baba, zan yi maka tambaya goma, duk wadda ba ka so ka ce in wuce, ba zai hana ka samun kati ba." A makaranta, malami ya san cewa yaron da ya shige ƙarƙashin benci da tayar babur ta fashe ba iskanci yake yi ba, bulala kuma ba za ta fito da shi daga inda zuciyarsa ta tafi ba. Bayan satar ɗalibai a Ƙanƙara a 2020, da Jangebe a 2021, da Kuriga a 2024, babu makarantar kwana a arewa da za ta ce wannan bai shafe ta ba.

Wannan hanya ce a cikin huɗun ta fi ɗaukar ma'aikaci a matsayin mai miki shi ma. Da yawa daga cikin masu aikin agaji a arewa maso gabas su ma gudowa suka yi. Da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya ci Maiduguri, masu rabon kayan agaji da yawa a ranar su ma ba su da wurin kwana. Na yi aiki da wata baiwar Allah da ke rubuta bayanan matan da aka sako daga daji. A wata na huɗu ta daina cin abincin rana, ta riƙa yi wa 'ya'yanta faɗa ba dalili, ta ce mini in ta rufe ido muryoyin matan take ji. Ba ta taɓa zuwa dajin ba. Abin da ya taimake ta ba bita ba ce: an rage mata adadin mutanen da take gani a rana, an riƙa musanya ta da wata, an sa zama na mako-mako inda ake maganar nauyin aikin ba adadinsa ba.

Kuɗinsa ya danganta. In za ku ɗauko masu ba da shawara daga waje su bi ku har a ba ku shaida, irin tsarin Sanctuary, maganar shekaru ake yi, kusan uku, da kuɗin da ƙaramar ƙungiya ba za ta iya ba. In kuwa za ku ɗauki jagoran SAMHSA na kyauta ku kafa kwamitin mutum biyar, har da wakilan masu zuwa wurinku, kuɗin kaɗan ne, lokacin shugabanni ne mai yawa. Shi ya fi kowanne ɗorewa, don abin da ya shiga fom da dokar aiki ba ya tafiya da wanda ya ajiye aiki. Shi ne kuma ya fi wuya, don yana taɓa masu iko. Shugaban da ke tsawata wa ma'aikata a gaban jama'a ba zai iya jagorantar wannan ba sai ya fara da kansa.

Gaskiya ɗaya da ya kamata a faɗa: hujjarsa ba ta kai ta PM+ ƙarfi ba. Wani nazari da Jonathan Purtle ya yi a kan bincike 23 ya nuna horon na gyara sani da halayyar ma'aikata, amma shaidar cewa su masu zuwa sun samu sauƙi ba ta fito sarai haka ba. Haɗarinsa kuma shi ne ya tsaya a allon bango da kalmomi masu daɗi. Don haka ku auna da abin da ido ke gani: mutum nawa suka tashi ba su gama rajista ba, nawa suka dawo zama na biyu, ma'aikata nawa suka ajiye aiki a shekara.

Abu biyu a gefe

Darussan intanet, irin na shafin Kaya, da na Jami'ar Johns Hopkins a shafin Coursera, suna da amfani a matsayin share fage ga mai turanci da data. Ba sa maye gurbin gwaji ido da ido.

Sannan in mai horarwa ya ce tsarinsa shi ne a tara waɗanda abu ya faɗa wa a da'ira, a zama guda, kowa ya ba da labarin abin da ya gani dalla-dalla don ya amayar da shi, ku sallame shi cikin mutunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a yi wannan, don bincike bai nuna yana hana dimuwa ba, wasu ma yana ƙara musu. Ku kuma tuna dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mutum haƙƙin sirri da na amincewa kafin a yi masa wani abu. Duk horon da bai taɓo wannan ba da sauransa.

| Hanya | Wa ake horarwa | Tsawon horo | Inda kuɗi ke tafiya | Ɗorewa | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| PFA | Kowa da kowa | Rabin yini zuwa yini 1 | Mai horarwa, zaure | Sai da maimaici | Mutum ya ɗauka ya zama ƙwararre |
| PM+ | Zaɓaɓɓu kaɗan | Kwana 10, da gwaji | Albashin mai duba aiki, ɗakin sirri | Mai kyau in akwai dubawa | Zama ya koma nasiha |
| mhGAP | Ma'aikatan lafiya | Kusan mako 1 | Magani, ziyarar ƙwararre | Ta rataya a kan magani | Yankewar magani |
| Gyaran gida | Shugabanni da kowa | Watanni zuwa shekaru | Lokacin shugabanni | Mafi ɗorewa | Ya tsaya a baki |

Wa ya ɗauki wanne

Ƙaramar ƙungiyar unguwa mai rabon abinci ko kayan sanyi, mai ma'aikata goma da 'yan sa kai: PFA ga kowa, a maimaita duk wata uku, sannan ku ware yamma ɗaya ku bi fom ɗinku da jan biro. Ku gayyaci bulama ko mai unguwa da liman da ungozoma su zauna a horon, don wurinsu mutane ke fara zuwa kafin su zo wurinku.

Makaranta, ta boko ko Islamiyya: PFA na yara ga malamai da masu kula da ɗakin kwana, sannan gyaran gida a kan horo da bulala da yadda ake tarbar yaron da ya dawo bayan an sace shi ko an kashe wani nasa. Kada a sa malami ya zama likita. A ba shi lambar wanda zai kira.

Asibiti ko ɗakin shan magani: mhGAP ga masu duba marasa lafiya, aƙalla mutum biyu don kada tafiyar ɗaya ta rufe aikin, PFA kuma ga masu kati da masu gadi da masu shara. Ku tabbatar da hanyar magani kafin ranar horo.

Cibiyar mata da ke karɓar waɗanda aka ci zarafinsu: ku fara da gyaran gida, musamman sirri da zaɓi da yawan mutanen da ma'aikaciya ke gani a rana, sannan PM+ ga mata huɗu zuwa shida, da mai duba aiki a cikin kasafi tun daga shafin farko.

Babban sansani mai dubban mutane da ma'aikata ƙalilan: SH+ in za ku iya naɗar murya da harshen da ake yi a tantunan, da PM+ ga waɗanda zaman taro bai ishe su ba.

In kuma kuɗin da ke hannunku na abu ɗaya ne tak, kuma wa'adin kashe shi ya matso: ku raba shi biyu. Rabi ku yi PFA na yini ɗaya, har da direba da mai gadi. Rabin ku ajiye wa mutum guda mai ƙwarewa da zai riƙa zuwa sau ɗaya a wata har shekara, ya zauna da ma'aikata awa biyu, ya ji waɗanda suka tarba da abin da ya tsaya musu a rai, ya kuma zauna a bencin jira kafin ya tafi.